Ibn Sina, Shugaban Likitoci, Da Maganin Kashe Zafin Fiɗa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Ya tabbata a hadisi ingantacce cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta. Daga cikin manyan ni'imomin da ke ƙarƙashin wannan magana akwai maganin da akan ba majiyyaci kafin a yi masa fiɗa, ya yi barci mai nauyi, a tsaga cikinsa a ɗinke bai sani ba. Mutanen da suka gabata ba su sami wannan sauƙi ba. A da, idan ƙafa ta ruɓe tilas sai an yanke, ƙarfafan mutane ne kan danne majiyyaci yana ihu, likita kuwa ba shi da dabarar da ta wuce sauri. Amma tun a wancan zamani akwai masanan da suka duƙufa wajen neman abin da zai kashe zafin wuƙa. Daga cikin waɗanda suka tsara wannan ilmi a rubuce, suka bayyana amfaninsa da haɗarinsa, akwai Abu Ali Husaini ɗan Abdullahi ɗan Sina, wanda almajiransa suka yi wa laƙabi da Shaihu Shugaba, Turawa kuma suke kira Abisena.

HAIHUWARSA DA KARATUNSA

Bisa ga abin da ya shahara, an haifi Ibn Sina a shekara ta 370 bayan Hijira, watau 980 Miladiyya, a wani ƙauye da ake kira Afshana kusa da birnin Buhara, cikin ƙasar da a yau ake kira Uzbekistan. Mahaifinsa mutumin Balhu ne, ya zo yana aiki ƙarƙashin sarakunan Samaniyawa, har suka ba shi riƙon wani gari. Da iyalin suka koma cikin Buhara aka sa yaron makaranta. Yana ɗan shekara 10 ya haddace Alƙur'ani mai girma, ya kuma sami rabo mai yawa na adabin Larabci. Ya koyi lissafin Indiya wajen wani mai sayar da kayan miya, ya karanta fiƙihu wajen Malam Isma'ila Zahidi, sa'an nan mahaifinsa ya sauki wani malami mai suna Natili a gida domin ya koya masa manɗiƙi da ilmin awo. Ba a daɗe ba almajiri ya riƙa warware wa malaminsa matsalolin da suka gagare shi.

Da Natili ya bar garin sai yaron ya ci gaba da karatu shi kaɗai. Ya juya ga likitanci, ya same shi da sauƙi, har ya zamana yana ɗan shekara 16 likitocin da suka girme shi suna zuwa ɗaukar karatu wajensa. Bai tsaya ga littafi kaɗai ba, ya riƙa duba marasa lafiya domin ya ga abin da gwaji zai nuna. A tarihin rayuwarsa da ya shibta wa almajirinsa ya ambata cewa idan wata matsala ta shige masa duhu yakan tafi masallaci ya yi salla ya roƙi Mahalicci ya buɗe masa, sa'an nan ya komo gida ya kunna fitila ya ci gaba da nazari. Akwai wani littafin Aristotal na falsafa da ya karanta sau 40 har ya haddace shi, amma bai gane manufarsa ba. Wata rana a kasuwar littattafai wani dillali ya matsa masa ya sayi wani ɗan littafi a kan dirhami 3. Ashe sharhin Farabi ne a kan wancan littafi. Da ya karanta sai ma'ana ta bayyana gare shi, kashegari ya yi sadaka mai yawa ga matalauta don godiya ga Allah.

Sarkin Buhara, Nuhu ɗan Mansur, ya kamu da ciwon da ya rikita likitocin fada, aka kirawo saurayin ya shiga cikinsu, Allah ya ba Sarki sauƙi. Ladan da ya nema shi ne a yardar masa shiga ɗakin littattafan fada. A can ya tarad da ɗakuna, kowane da fanninsa, cike da littattafan da bai taɓa jin ko sunansu ba. Kafin ya cika shekara 18 ya gama da abin da ke cikinsu na ilmin zamaninsa.

YAWO TSAKANIN FADOJI

Mulkin Samaniyawa ya rushe a shekarar 999, mahaifinsa kuma ya rasu bayan 'yan shekaru. Daga nan rayuwar Ibn Sina ta zama ta tafiye-tafiye. Ya zauna a Gurganju ta ƙasar Huwarizmu, ya bi ta garuruwan Hurasan har ya isa Jurjan. A nan ya haɗu da Abu Ubaidu Juzjani, almajirin da ya lizimce shi har mutuwa, wanda kuma ta hannunsa aka sami mafi yawan labarin malamin. A Jurjan ne ya fara rubuta babban littafinsa na likitanci. Daga nan ya wuce Rayyu, kusa da inda birnin Tehran yake a yau, ya yi wa Sarki Majdud Daula maganin ciwon baƙin ciki da ya dame shi, sa'an nan ya nufi Hamadan.

Sarkin Hamadan, Shamsud Daula, yana fama da ƙullewar ciki mai murɗa, wadda Larabawa ke kira ƙaulanj. Ibn Sina ya yi masa magani ya warke, Sarki ya naɗa shi waziri. Sojoji ba su ji daɗin waziri malami ba, suka yi bore, suka washe gidansa, suka nemi a kashe shi. Ya ɓuya kwana 40, har ciwon Sarki ya tashi, aka nemo shi aka ba shi haƙuri aka mayar da shi kan wazirci. A wannan lokaci da rana yana hidimar mulki, da dare almajirai kan taru a gidansa ana karatu bi da bi.

Bayan rasuwar Shamsud Daula a 1021 al'amura suka sake dagulewa. Ya ɓuya a gidan wani mai sayar da magunguna, inda Juzjani ya ce yakan rubuta warƙa 50 a yini na littafin Shifa'u, ba tare da duba wani littafi ba. Aka gano yana musayar wasiƙu da Sarkin Isfahan, aka kama shi aka tsare a kurkukun Fardajan wata 4. Ko a can bai ajiye alƙalami ba, har ya rubuta wata risala a kan ciwon ƙaulanj. Daga baya ya fita Hamadan a ɓoye cikin tufafin Sufaye, shi da ɗan'uwansa da Juzjani da bayi biyu, suka isa Isfahan. Sarki Ala'ud Daula ya karɓe shi da girmamawa, a nan kuma ya yi sauran shekarunsa.

LITTAFIN ƘANUN DA BABIN ZAFI

Ya kammala littafin Al-Ƙanun fiɗ Ɗibbi a wajen shekarar 1025. Littafin kashi 5 ne. Na farko ginshiƙan likitanci, na 2 magunguna guda-guda waɗanda adadinsu ya kai kusan 800, na 3 cututtukan gaɓoɓi tun daga kai har ƙafa, na 4 cututtukan da ba su keɓanta da gaɓa ɗaya ba kamar zazzaɓi da miki da karaya da guba, na 5 kuwa magungunan da ake harhaɗawa. Ya ɗebo daga likitocin Yunan irin su Jalinus, da na Musulmi irin su Razi, ya tace ya jera, ya ƙara da abin da ya gani da idonsa.

Abin da ya rubuta game da zafin ciwo yana nuna zurfin lurarsa. Ya ce zafi kan taso ne ko dai daga sauyawar yanayin gaɓa farat ɗaya, ko daga rabuwar abin da yake a haɗe, kamar yanka ko karaya ko tsagewa. Ya kasa zafi iri 15, ya ba kowane suna: akwai mai suka, da mai bugawa kamar jijiya, da mai nauyi, da mai ƙaiƙayi, da mai huda kamar ana murza basilla. Manufarsa ita ce likita ya saurari yadda majiyyaci ke siffanta zafinsa, domin siffar zafi kan nuna inda cutar take.

Wajen kwantar da zafi ya sa kawar da sanadinsa a gaba. Sai kuma abin da ke sa barci, sa'an nan magungunan da ke kashe jin jiki, waɗanda ya kira muhaddirat. Ya ce mafi ƙarfinsu shi ne afyun, watau ƙaron da ake tatsa daga ƙwallon furen hashhash. Ya ambaci saiwar yabruhu, da tsiron banju, da shaukaran, da irin latas, har da ƙanƙara da ruwan sanyi. Banju da yabruhu dangin zaƙami ne, wanda ake kira haukata-yaro, masanan yau kuwa sun gano cewa sinadaran da ke cikinsu iri ɗaya ne, masu sa maye da barci da mantuwa. A babin yabruhu ya ambata, kamar yadda likitocin Yunan suka ambata gabaninsa, cewa akan shayar da shi ga wanda za a yanka ko a yi wa lalas domin kada ya ji. Har yau a ƙasashen Larabawa banju ake kiran maganin barcin tiyata.

Amma fa bai bar almajiransa da jerin sunayen magani kawai ba. Ya gargaɗe su cewa waɗannan magunguna suna rufe zafi ne, cutar tana nan inda take. Saboda haka likita ya auna ya gani, tsakanin zafin da maganin, wane ne ya fi haɗari ga majiyyaci. Idan zafin zai iya kashe shi, kamar a ƙullewar ciki mai tsanani, to a ba shi, a kuma fara da mafi sauƙi kafin a kai ga mafi ƙarfi. A babin guba ya lissafa afyun cikin abubuwan da ke kisa, ya bayyana alamun wanda ya sha fiye da kima, ciki har da barci mai nauyi da sanyin jiki da ƙuncin numfashi. A wani wurin kuma, inda yake magana a kan shaƙewa, ya ce idan bukata ta kama a zura bututu na zinariya ko azurfa cikin maƙogwaro domin a taimaki numfashi.

Har wa yau ya kafa sharuɗɗa 7 na gwada magani kafin a amince da shi. Daga cikinsu akwai cewa maganin ya zama tsantsa ba gauraye ba, a gwada shi a kan cuta guda, a lura da lokacin da aikinsa ke bayyana, a ga yana yin aiki iri ɗaya a kowane karo ko a mafi yawan lokuta, kuma gwajin ya kasance a jikin mutum, domin abin da ya yi wa zaki ko doki ba lalle ne ya yi wa ɗan Adam ba.

ABIN DA MALAMAN FIƘIHU SUKA FAƊA

Tun kafin Ibn Sina Musulmi sun san irin wannan magani. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Urwatu ɗan Zubairu, ɗaya daga cikin manyan malaman fiƙihu 7 na Madina, ƙafarsa ta ruɓe sa'ad da ya je Sham wajen Halifa Walidu ɗan Abdulmalik. Likitoci suka nemi su shayar da shi abin da zai gusar da hankalinsa kafin su yanke, ya ƙi, domin ba ya son ya gafala daga ambaton Allah. Aka yanke ƙafar yana zikiri. Wannan haƙuri ne na musamman da ya zaɓar wa kansa, malamai ba su mayar da shi wajibi a kan kowa ba.

Imamu Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Misira, ya rarrabe a littafinsa Al-Furuƙ tsakanin abin da ke sa maye tare da nishaɗi kamar giya, da abin da ke ɓata hankali, da abin da ke kwantar da mutum har gani da ji su gushe, wanda ake kira murƙid. Ibn Farhun, shi ma Bamalike, ya rinjayar da halaccin shayar da murƙid domin yanke gaɓa, saboda cutarwar maganin abar amincewa ce, ta ruɓaɓɓiyar gaɓa kuwa ba haka take ba. Imamu Nawawi na mazhabar Shafi'iyya ma ya inganta halaccin haka ga wanda za a yanke wa hannun da ya ruɓe. Wannan awo da malaman fiƙihu suka yi tsakanin cuta biyu shi ne dai awon da Ibn Sina ya umarci likita ya yi. Wanda aka yi wa maganin barci kuwa alwalarsa ta warware, domin gushewar hankali na cikin abubuwan da ke warware alwala.

AJALINSA

A ƙarshen rayuwarsa ya fita yaƙi tare da Sarki Ala'ud Daula, sai ƙaulanj ya kama shi, ciwon nan da ya warkar da Sarkin Hamadan daga gare shi, ya kuma yi wa risala. Don gudun kada runduna ta ja da baya a bar shi, ya matsa wa kansa da magani, ya ɗura wa kansa ta dubura har sau 8 a yini ɗaya, hanjinsa ya yi miki. Sa'an nan farfaɗiya ta biyo baya. Ya umarta a sa masa daniƙi 2 na irin wani ganye da ake kira karafs cikin maganin, likitan da ke haɗawa ya zuba dirhami 5. Dirhami ɗaya daniƙi 6 ne, ke nan an ninka masa awon sau 15. Mikin ya ƙaru. Yana kuma shan wani haɗin magani saboda farfaɗiyar, sai wani bawansa ya zuba afyun mai yawa a ciki ya ba shi. Juzjani ya ce bayin sun ci amanar dukiyarsa ne, suna fatan ya mutu kada asirinsu ya tonu.

Aka ɗauko shi zuwa Isfahan ba ya iya tsayuwa. Ya yi ta yi wa kansa magani har ya fara tafiya yana halartar fada, amma bai kiyaye jikinsa ba, ciwon yana tafiya yana dawowa. Da Sarki ya tashi zuwa Hamadan ya bi shi, ciwon ya tsananta a hanya. Da ya ga ƙarfinsa ya ƙare sai ya daina shan magani. Ibn Hallikan ya ruwaito cewa ya yi wanka ya tuba, ya yi sadaka da abin da ya mallaka, ya mayar da haƙƙoƙi ga masu su, ya 'yanta bayinsa, ya riƙa sauke Alƙur'ani kowane kwana 3. Ya rasu a watan Ramalana na shekara ta 428 bayan Hijira, daidai da 1037, yana da shekara 58 a lissafin wata. Kabarinsa na nan a Hamadan cikin ƙasar Iran.

Game da falsafarsa, malamai sun yi masa raddi mai tsanani. Imamu Gazali, a littafinsa Tahafutul Falasifa, ya soki shi da Farabi, ya kafirta masu falsafa a kan matsaloli 3: cewa duniya ba ta da farko, da cewa sanin Allah bai shafi ɗaiɗaikun abubuwa ba, da musun tashin jikkuna ranar Ƙiyama. Ba a ɗaukar aƙida daga littattafansa na falsafa. Likitancinsa kuwa malamai sun karanta shi sun karantar, har Ibn Nafis ya yi wa Ƙanun sharhi. Hisabinsa yana ga Allah, wanda ya san abin da bawa ya cika a kai.

BAYAN RASUWARSA

A ƙarni na 12 Jirad na Kirimona ya juya Ƙanun zuwa Latin a birnin Ɗulaiɗila na Andalus. Aka riƙa karantar da shi a jami'o'in Turai, har wajen 1650 ana amfani da shi a Mompeliye ta Faransa da Luben ta Beljiyam. An buga shi da Larabci a Rum a 1593.

Magungunan da ya lissafa ba su kai ga kashe zafin fiɗa gaba ɗaya cikin aminci ba, domin ƙarfin tsiro yakan bambanta, awon da ke sa barci kuma yana dab da awon da ke kisa. Sai a farkon ƙarni na 19 wani Bajamushe mai haɗa magani, Satuna, ya fitar da sinadarin mofin daga afyun, aka sami abin da za a auna daidai. Ran 16 ga Oktoba 1846 Wiliyam Moton ya shaƙa wa wani majiyyaci maganin ita a babban asibitin birnin Boston na Amurka, aka cire masa ƙari a wuya a gaban likitoci. A 1847 Simson ya fara aiki da kulorofom a Edinbara. A 1884 Kola ya kashe zafin ido da ɗigon koken a Biyana, a 1898 kuma Biya ya yi allurar ƙashin baya a Jamus, irin wadda ke kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa, wadda ake yi wa mata da yawa idan za a ciro jariri. A yau akwai likita na musamman wanda aikinsa ke nan. Yakan yi allura irin su furofofol ko ketamin, ya zura bututu a maƙogwaro idan aikin ya bukata, ya tsaya yana duban numfashi da bugun zuciya har majiyyaci ya farka.

Gargaɗin Ibn Sina yana nan da ƙarfinsa. Mofin da kodin duka daga afyun suke, taramadol ma irin aikinsu yake yi, kuma idan suka yi yawa suna danne wurin da ke tafiyar da numfashi a ƙwaƙwalwa har ya tsaya. Yawan shan maganin tari mai kodin tsakanin matasa ya sa gwamnatin Nijeriya ta hana yinsa da shigo da shi a 2018. Lalurar da ta halatta wa majiyyaci maganin barci a hannun likita ba ta halatta wa mai lafiya shansa don nishaɗi ba. Wanda za a yi wa tiyata kuwa ya kiyaye umarnin barin ci da sha kafin aiki, domin kada abin da ke cikinsa ya komo ya shiga huhu yana barci, ya kuma gaya wa likita gaskiyar duk abin da yake sha, na asibiti ne ko na gargajiya. Masu jinya da masu haɗa magani su ji tsoron Allah wajen awo, su tuna cewa shugaban likitoci ma daniƙi 2 ya ce a sa masa aka zuba dirhami 5.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya saka wa masu jinyarsu da alheri, ya gafarta wa Musulmin da suka riga mu gidan gaskiya. Amin.